Sake Ƙidayar Ƙuri'u a Zaɓen Gwamna

Mutane da yawa suna tsammani idan gwamna ya faɗi zaɓe da 'yar rata kaɗan, tilas ne a sake ƙidaya ƙuri'un jihar baki ɗaya. To, ba haka abin yake a ƙasar nan ba.

Bisa ga Dokar Zaɓe ta 2022, a wurin jefa ƙuri'a ake neman sake ƙidaya. Da zarar malamin zaɓe ya gama lissafi, ɗan takara ko wakilinsa, in yana wurin, yana da ikon ya ce a sake, amma fa sau ɗaya tak. Wakilin da ya bar wurin kafin wannan lokaci ya yi wa ubangidansa hasara.

Bayan an bayyana sakamako kuwa, mai kuka sai ya nufi kotu. Tsarin Mulki ya ba shi kwana 21 ya shigar da ƙara, ya kuma ba kotun zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci.

Haka aka yi a Jihar Osun cikin 2022. Gwamna Gboyega Oyetola ya sami ƙuri'a 375,027, Ademola Adeleke ya sami 403,371, watau ratar 28,344 ke nan. Oyetola ya yi ƙara cewa a waɗansu wurare ƙuri'un da aka jefa sun ɗara yawan mutanen da aka tantance. Kotun zaɓe ta ba shi gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Cikin watan Mayu na 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Adeleke kujerarsa, domin mai ƙara bai kawo na'urorin tantancewar su kansu gaban kotu ba.