Daga Dodo zuwa hankakan Poe: Yadda za a koya wa yara waƙoƙin ban tsoro a gida

A arewacin birnin Bauchi akwai Gubi, wadda aka sani da abu biyu: madatsar ruwan da ke shayar da birnin, da mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jami'ar ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma ma'aikatanta, kamar takwarorinsu na Abuja, sun san abin da ake nufi da yaro ya wayi gari makarantarsa a rufe. Haka aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, haka kuma a azumin 2025, lokacin da Bauchi ta kasance cikin jihohin Arewa huɗu da suka rufe makarantu. A irin wannan hali falo kan koma aji, uwa ko malamin lesin su zama malaman Turanci.

Duk wanda ya shiga intanet neman darasin waƙar Turanci domin ɗan firamare zai tarar da akasarin kayan an tsara su ne domin yaran Ingila da Amurka. A cikinsu akwai wani nau'i da ake kira gotik, wato adabin duhu da kufai da maƙabarta, wanda kasuwarsa kan buɗe gab da bikin Halowin na 31 ga Oktoba. Tambayar da ke gaban iyaye ita ce: a ba yaro ɗan shekara tara irin wannan, ko a kawar masa da kai?

Mene ne gotik?

Sunan ya shiga adabi ne ta hannun Horace Walpole, wanda ya fitar da labarinsa The Castle of Otranto a 1764, ya kuma laƙaba masa kalmar a bugu na biyu. Kayan aikin wannan adabi sanannu ne: tsohon gini da mutane suka ƙaurace wa, tsakar dare, sautin da ba a san mai shi ba, da mamacin da zuciya ta kasa sallama. Mafi shahara a fagen waƙa ita ce The Raven ta Ba'amurke Edgar Allan Poe, wadda ta fito a Janairun 1845. Baiti 18 ne, kowane da ɗango shida. Wani mutum ne da ya rasa masoyiyarsa, hankaka ya shigo masa ɗaki cikin dare, duk tambayar da ya yi masa sai tsuntsun ya amsa da kalma ɗaya tak.

Gidanmu bai rasa tsoro ba

Yaron Gubi ba baƙon ban tsoro ba ne. Tun kafin ya riƙe fensir ya san Dodo, ya ji an ce kada a zauna gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana, ya san kukan mujiya ba abin so ba ne. Labarin 'yan ruwa kuwa yana da aikin yi a garin da ke maƙwabtaka da madatsa: shi ne shingen da ke hana ƙaramin yaro zuwa bakin ruwa shi kaɗai.

Abin lura shi ne yadda kakanni suka yi wa wannan tsoro linzami. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Da dare ake yin ta, amma yaro na jingine da kakarsa, ga 'yan uwa kewaye. Dodo yakan sha kaye a hannun ƙaramar yarinya ko wayon Gizo. Idan aka ce ƙurunƙus, kowa ya san an rufe, mai bayarwa ma takan nuna cewa ƙirƙira ce. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, waɗanda ɗaliban firamare suka daɗe suna karantawa.

Akwai kuma tsoro na biyu, wanda ba wasa ba ne. Rubutattun waƙoƙin wa'azi irin su Baƙin Mari da Jan Mari, da sassan Imfiraji ta Aliyu Namangi, suna siffanta mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar alƙiyama ta hanyar da ke sa tsigar jiki tashi. A ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai waƙoƙinta ƙauyuka suna koyar da mata, matan kuma su koya wa 'ya'yansu. Karatun gida ne da waƙa, shekaru aru-aru kafin intanet. Sai dai masu wa'azi ba sa barin mai sauraro cikin firgici: inda suka tsoratar da wuta, sukan kwaɗaitar da aljanna, su nuna hanyar tuba.

A nan ne bambancin yake. Tatsuniya na cewa wasa ne, wa'azi na cewa gaskiya ne amma ga mafita. Waƙar gotik sau da yawa ba ta faɗin ko ɗaya. Hankakan Poe bai tashi daga inda ya sauka ba har waƙar ta ƙare. Idan aka miƙa wa yaro waya aka bar shi da ita, an ba shi Dodo ne ba tare da kaka ba.

Wacce za a zaɓa?

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. The Listeners ta Walter de la Mare, ta 1912, ta dace da 'yan aji biyar da shida: matafiyi ne ya ƙwanƙwasa ƙofar wani gida a daji cikin farin wata, ba wanda ya amsa, ya hau dokinsa ya tafi. Ba jini, ba gawa, sai shirun da kowane yaro da ya taɓa wuce kango da magariba ya sani. Goblin Market ta Christina Rossetti, ta 1862, labarin 'yan uwa mata biyu ne, ɗaya ta ci 'ya'yan itacen wasu halittu ta kamu, ɗayar ta ceto ta. Ta yi kama da tatsuniya, amma ta haura ɗango 500, don haka gutsure ya isa. Erlkönig ta Bajamushe Goethe, ta 1782, ita ce ta jira sakandare: uba ne ke sukuwa da ɗansa cikin dare, yaron na cewa wani abu na kiransa, uban na kwantar masa da hankali, suka isa gida yaron ya cika. Ɗan shekara bakwai ba ya buƙatar jin cewa hannun uba bai isa kariya ba.

Yadda za a ɗauki darasin

A fara da abin da yaro ya sani. A sa shi ya ba da tatsuniyar Dodo da bakinsa, a tambaye shi daidai inda gabansa ya faɗi, da abin da ya jawo. Sannan a karanta masa baƙuwar waƙar da murya, da rana, ana tare. A bar shi ya ƙirga ɗango, ya gano amsa-amo, ya kwatanta baitin Poe mai ɗango shida da ƙwar biyu ko ƙwar biyar ta waƙoƙinmu. Tsuntsu mai magana kuwa misali ne na mutuntarwa. Ko launin tsuntsun darasi ne: namu hankakan farin ƙirji gare shi, na Poe baƙi ƙirin. Yaron da ya gane cewa da maimaici da zaɓen kalma aka gina tsoron, ya riga ya fi ƙarfinsa.

Wajibi ne kuma a bambance masa a fili. Fatalwar cikin waƙa ƙirƙirar mawaƙi ce, mamaci ba ya dawowa yawo. Abin da malamin Islamiyya ko na coci ya koya masa game da lahira wani fage ne daban. Cakuɗa su kan jawo ɗayan biyu: ko yaro ya ɗauki almara addini, ko ya ɗauki addini almara. Gidan da aka yi rasuwa kwanan nan, ko yaron da ke firgita cikin barci, a ɗage musu darasin.

Daga ƙarshe a ba shi takarda ya rubuta ɗango huɗu, da Hausa ko Turanci, kan abin da ya sani: kangon bayan unguwa, ko ƙarar iska a bakin madatsa da hunturu. Idan ya gama, a karanta tare, a yaba, sannan a rufe da ƙurunƙus. Wannan kalmar ba ta cikin darasin da aka sauke daga intanet; iyaye ne za su kawo ta.