Suwan: Tsuntsun da Yake Koyon Hanya Daga Iyayensa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shamuwa. In aka gan ta a kan tsamiya, manomi ya san damina ta ƙarato. A ƙasashen Turai ma akwai tsuntsun da zuwansa yake nuna sauyin lokaci, amma shi sanyi yake kawowa labari. Sunansa suwan. Ba mu da shi a Nijeriya, sai dai danginsa ba baƙi ba ne a gare mu, domin gidansu ɗaya da agwagwa da dinya. A wannan shafi za mu duba halittarsa, da zamansa na iyali, da doguwar tafiyar da yake yi kowace shekara.

Siffarsa

Suwan yana cikin manyan tsuntsayen da suke iya tashi sama. Akwai iri 6 a duniya. Huɗu farare ne fat, suna zaune a arewacin duniya. Na Ostareliya baƙi ne, na Kudancin Amurka kuwa jikinsa fari, wuyansa baƙi. Abin da ya fi jan ido a jikinsa shi ne dogon wuya. Mutum yana da ƙasusuwan wuya 7, raƙumin dawa ma 7 ne duk da tsawonsa, amma suwan yana da 22 zuwa 25. Da wannan wuya yake miƙa kai ƙarƙashin ruwa ya ciro ganyaye da saiwoyi, waɗanda su ne yawancin abincinsa. An taɓa ƙirga gashin jikin guda ɗaya, aka sami 25,216, mafi yawansu a kai da wuya. Wannan gashi ne bargonsa a ƙasar ƙanƙara.

Wanda za mu fi mai da hankali a kansa shi ne ƙaramin suwan na Turai, wanda ake kira suwan na Bewick. An raɗa masa sunan a 1830 don tunawa da Thomas Bewick, wani Bature mai zanen tsuntsaye. Nauyinsa kamar kilo 6 ne, in ya buɗe fikafikai faɗinsu ya kai kusan mita 2.

Inda yake haihuwa

Gidansa yana can ƙuryar arewacin Rasha, a bakin tekun ƙanƙara. Wuri ne marar itatuwa, sai fadamu da ƙananan tafkuna. Lokacin ɗumi a can gajere ne ƙwarai, amma rana ba ta faɗuwa har na tsawon makonni, saboda haka ciyayi suna tsirowa da sauri. Macen takan yi ƙwai 3 zuwa 5, ta kwanta a kansu kamar kwana 30, namijin kuwa yana gadi saboda yanyawa da sauran maƙiya. 'Ya'yan suna fitowa da gashi mai ruwan toka. Dole ne su iya tashi kafin ruwa ya daskare, domin in ƙanƙara ta rufe tafki, abinci ya ƙare ke nan. A watan Satumba sai kowane iyali ya kama hanyar kudu maso yamma.

Tafiyar

Daga can zuwa Holan ko Ingila tafiya ce ta kamar kilomita 3,500. Ba a tashi ɗaya suke yin ta ba. Suna yada zango a tafkuna da gaɓar teku a Rasha da Estoniya da wasu ƙasashe, su ci su huta, sa'an nan su ci gaba. A sama suna jeruwa kamar bakin mashi. Iskar da fiffiken na gaba ya kaɗa tana rage wa na baya wahala, kuma sukan karɓi juna a jagoranci.

A nan ne abin lura yake. Wasu ƙananan tsuntsaye suna yin ƙaurarsu ta fari su kaɗai, ba mai nuna musu hanya. Ɗan suwan ba haka yake ba. Yana bin uwarsa da ubansa, su nuna masa kowane zango, ya zauna tare da su duk lokacin sanyi. Hanyar da ya koya a shekarar farko ita ce zai riƙa bi, ita ce kuma zai nuna wa nasa 'ya'yan.

Yadda aka gane haka

A 1946 Peter Scott, mai zane kuma masanin tsuntsaye, ya kafa wurin kare tsuntsayen ruwa a Slimbridge, a bakin kogin Severn a Ingila. A 1964 ya lura cewa zanen rawaya da baƙi da ke bakin kowane suwan daban yake da na ɗan'uwansa, kamar yadda zanen yatsan mutum yake. Shi da iyalinsa suka fara zana bakin kowane tsuntsu, suna ba shi suna. An ci gaba da aikin shekara da shekaru, har aka rubuta tarihin tsuntsaye fiye da 10,000.

Littafin ya nuna cewa tsuntsu ɗaya yana komowa tafki ɗaya kowace shekara, wasu har fiye da shekara 20. Ya kuma nuna cewa namiji da mace suna zama tare har sai mutuwa ta raba. A farkon 2010 aka ga wasu biyu sun dawo kowa da sabon abokin zama, abin ya shiga jaridu, domin karo na biyu ke nan da aka ga haka cikin shekara 40, a tsakanin ma'aurata kusan 4,000. Wannan zama yana da amfani: waɗanda suka daɗe tare sun fi iya renon 'ya'ya, babban iyali kuma ya fi iya ƙwatar wurin kiwo mai kyau.

Haɗarin da yake ciki

A 1995 an ƙirga suwan na Bewick kusan 29,000 a arewa maso yammacin Turai. Zuwa 2010 sun ragu zuwa kamar 18,000. Doka ta hana harbinsu a duk ƙasashen da suke ratsawa, amma da aka ɗauki hoton cikin jikin waɗanda aka kama da rai, sai aka tarar kusan ɗaya cikin uku yana ɗauke da ƙwayoyin harsashi. Wasu suna haɗiye ƙwayoyin dalma da suka zube a fadama, suna zaton tsakuwa ce da ƙundunsu yake bukata don niƙa abinci, gubar ta kashe su. Wasu suna karo da wayoyin lantarki. An kuma busar da fadamu da yawa don noma da gine-gine. Ɗumamar yanayi ma ta sa yawancinsu ba sa ƙarasawa Ingila, sai su tsaya a Jamus da maƙwabtanta.

A 2016 wata mata mai suna Sacha Dench ta bi hanyarsu a sama da lema mai inji, tafiyar kilomita 7,000 ta ƙasashe 11, tana sauka tana tattaunawa da mafarauta da manoma da 'yan makaranta. Dalilinta shi ne, ƙasa ɗaya ba ta iya ceton tsuntsun da yake ratsa ƙasashe da yawa. Kuma tun da a wurin iyaye ake koyon hanya, maharbin da ya kashe uwa da uba ya bar 'ya'ya ba jagora. In zuriyar da ta san wani tafki ta ƙare, sanin tafkin ya tafi tare da ita.

Abin da ya shafe mu

Ko da yake suwan ba ya zuwa wajenmu, danginsa suna zuwa. Kowace shekara dubban agwagin daji suna tasowa daga Turai da Rasha, su ƙetare Hamada, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi. Mu ne zangonsu na ƙarshe. In muka bar fadamun suka bushe, ko muka zuba musu guba, mun yanke hanyar da ta faro daga wata nahiya.

A sura 8 aya 7 ta littafinsa, annabi Irmiya ya tsauta wa mutanensa da misalin tsuntsaye masu ƙaura, waɗanda suke kiyaye lokacinsu alhali mutane sun ƙi kiyaye umarnin Ubangiji. Ya ku ɗalibai, musamman ku da kuke barinmu bana, ku ma wasu ne suka nuna muku hanya, a gida da a aji. Ku riƙe ta da kyau, domin ƙannenku suna biye da ku. Allah ya ba mu ikon kula da halittun da ya danƙa a hannunmu, amin.