Ɗori da Tiyatar Ƙashi: Misali daga Njamena da Kano

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan asibiti, Bahaushe yana da hanyarsa ta gyaran ƙashi, wato ɗori. Har yau maɗori yana da daraja a ƙasar Hausa da kuma zangon Hausawa na birane irin su Njamena, babban birnin Chadi. Wannan maƙala za ta duba inda aikin maɗori ya tsaya da inda na likitan tiyata ya fara, musamman a kan ƙashin baya.

2.0 Kalmomin Raunin Ƙashi

Hausa ta bambance raunuka uku. Karaya ita ce ƙashi ya rabu biyu ko fiye. Gocewa ita ce kan ƙashi ya fita daga gurbinsa a gaɓa, kamar a kafaɗa. Targaɗe kuwa rauni ne a jijiyoyin da suka riƙe gaɓa, ƙashin kansa lafiya lau. Maɗori yakan ja ƙashi ya daidaita shi, ya jera karare, ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. Idan karayar ba ta huda fata ba, kuma ƙashin ya zauna daidai, sau da yawa yakan haɗe, domin ƙashi abu ne mai rai da ke ɗinke kansa. Haɗarin yana ga ɗauri: in ya yi tsanani jini ba ya gudana, gaɓar ta ruɓe, ƙarshe sai an yanke ta.

3.0 Abin da Asibiti ya Ƙara

Abu na farko shi ne gani. A shekarar 1895 Wilhelm Röntgen, wani masani Bajamushe, ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Maɗori da hannu yake lalube, likita kuwa yana kallon karayar kafin ya taɓa ta. Na biyu shi ne riƙo. Ana naɗa filasta mai daskarewa, ko a yi aiki a ɗora farantin ƙarfe da kusoshi, ko a zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo, dabarar da Gerhard Küntscher ya fito da ita wajen 1940. Wannan ne jama'a ke nufi in sun ce “an sa masa ƙarfe”.

A Njamena, Babban Asibitin Ƙasa yana da sashen ƙashi da raunuka, kuma da yawa daga cikin masu karaya haɗarin babur ne ke kawo su, har da na ’yan acaɓar da ake kira “kilando” a can. Asibitin Renaissance, wanda aka buɗe a 2013, yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. A Kano kuwa akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1979 tare da na Igbobi a Legas da na Inugu.

4.0 Ƙashin Baya da Laka

A nan ne ɗori ya kai iyakarsa. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sai 9 na ƙasa da suka manne da juna. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa, ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ƙashi yana haɗewa, amma laka in ta tsinke ba ta komawa. Saboda haka jan da ke gyara ƙafa, a gadon baya yana iya shanye mutum har abada, ya kasa riƙe fitsari da bayan gida.

Aikin likita iri biyu ne. Yakan cire abin da ya danne laka, ko ɓarin ƙashi ne ko guringuntsin da ya zame. Sannan yakan kafe ƙasusuwan da suka yi rauni da kusoshi da sanduna har su haɗe. Ba haɗari kaɗai ke kawo wannan ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya ya haifar da ƙusumbi, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779. In an gano ta da wuri, maganin tarin fuka kan wadatar ba tare da wuƙa ba.

5.0 Kammalawa

Wanda ya faɗi ko ya yi haɗari, yana kukan wuya ko baya, ƙafafunsa sun yi sanyi ko sun mutu, ba a zaunar da shi, ba a kinkimarsa a ka, ba a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a miƙe kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne, wani ya riƙe kansa kada ya motsa, a nufi asibiti da shi.