Dutsen Kufena: Mafakar da Zazzagawa Suka Bari

Duk lokacin da aka ta da maganar lalacewar ganuwar Zariya, sai sunan Kufena ya fito. To, mene ne Kufena?

Wani babban dutse ne a yammacin birnin Zariya, dab da Wusasa. Mutane sun zauna a kansa da gindinsa tun kafin birnin yanzu ya bunƙasa, suka kewaye wurin da ganuwa, wato katangar ƙasa mai kauri da rami a bayanta. Tarihin baka ya ce daga Turunku sarautar Zazzau ta taso zuwa nan, kuma ana danganta ƙaurar da zamanin mulkin Bakwa Turunku, wajen 1536.

Yadda tsaron yake kuwa, hikima ce tsantsa. Mai gadi a ƙololuwa yana hango ƙurar mahaya tun suna nesa, sai a buga ganga, manoma su kora dabbobi cikin ganuwa. Idan maƙiya suka ƙetare ramin suka karya katanga, mata da yara sun riga sun haye sama, inda doki ba ya iya bin santsin dutsen. An kuma bar fili a ciki don noma, saboda kada yunwa ta ci mutane idan an yi musu ƙawanya.

Da mulki ya kafu a birnin Zariya, sai Kufena ta zama kufai. Yau ganuwar ta koma tudun ƙasa, ruwan sama na cinta, gonaki da gine-gine na matsowa. Asarar ta Zazzagawa ce da ɗaliban tarihi. Ya kamata hukuma da masarauta su shata iyakar wurin tun da sauran abin karewa.