Kasuwar da Babu Dillali: Sabon Ɗan Kasuwar Gobir da Neman Yarda a Intanet

Ciniki tsakanin mutanen da ba su san juna ba yana buƙatar wanda zai tsaya a tsakani, kuma a ƙasar Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, dillali da fatoma ne suka daɗe suna riƙe da wannan matsayi. Fatoma shi ne maigidan da ke saukar da baƙin fatake, ya adana musu kaya, ya kuma tsaya musu idan an ba da bashi, shi kuwa dillali yakan haɗa mai kaya da mai saye, ya karɓi la'ada, sannan ya zama shaida idan daga baya aka gano dabbar ta sata ce ko tana da ciwo. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya nuna a binciken da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan cewa fataucin shanu da goro ya dogara ne a kan irin waɗannan mutane, waɗanda sunansu shi ne jarinsu.

A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda ke gabashin jihar Sakkwato daura da yankin Maraɗi, wannan tsari ya gamu da cikas. Hare-haren 'yan bindiga sun sa baƙin masu saye sun ƙaurace wa hanyoyi, a watan Satumba na 2021 kuma gwamnatin jihar ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin yankin tare da rufe hanyar Marnona zuwa Isa, sannan rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara tsuke kasuwanci. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya koya wa jama'a tura kuɗi ta waya, don haka wasu matasa suka koma tallata raguna da jajayen awakin Sakkwato da wake a Facebook da WhatsApp da TikTok da Jiji. Wasunsu ma gwanjo suke yi, wato a sa kaya a fili kowa ya taya, a sallama wa wanda tayinsa ya fi na kowa.

Matsalar sabon mai sayarwa a irin wannan kasuwa ita ce mai saye yana ganin tamkar cinikin biri a sama ake kiransa ya yi. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayani a 1970 cewa idan mai saye ba zai iya bambanta kaya mai kyau da marar kyau ba, to zai taya duka da matsakaicin farashi da bai kai darajar mai kyau ba, wanda hakan ke korar masu gaskiya daga kasuwa. Shafin gwanjo na eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995, ya nemi maganin wannan ta hanyar ba masu saye damar rubuta shaida a kan wanda suka yi ciniki da shi, kuma wani gwaji da Paul Resnick da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya gano cewa tsohon mai sayarwa mai kyakkyawar shaida ya samu kimanin kashi 8 cikin 100 sama da abin da sabon suna ya samu a kan kaya iri ɗaya. Ga matashin Isa ko Sabon Birni gibin yakan fi haka zafi, domin sunan yankinsa kaɗai kan sa mai saye a Abuja ko Legas ya tuna da shanun sata.

Matakin farko na cike wannan gibi shi ne siffanta kaya ba tare da ɓoye komai ba, tunda gani ya kori ji. Mai sayar da ragon layya ba zai wadatu da hoto ɗaya da aka ɗauka daga ƙasa don ragon ya yi kama da ɗan maraƙi ba. Abin da ya dace shi ne ya ɗauki bidiyo da rana tsaka, ya faɗi ranar da sunan garin, ya buɗe bakin ragon a ga haƙoransa don sanin shekarunsa, ya kora shi a ga ko yana ɗingishi, ya tsaya kusa da shi a gwada tsayi, kuma idan ƙaho ya taɓa karyewa ya nuna wurin da yatsa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malaman yankin, ya halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, ya kuma haramta algus da ɓoye aibi, saboda haka wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga Bagobiri.

Mataki na biyu shi ne aron mutunci daga wanda yake da shi. Sabon mai sayarwa zai iya haɗa mai saye da sarkin kasuwa ko sanannen dillali wanda zai tabbatar da asalin dabbar, ya kuma yarda a ajiye kuɗin a hannun amintaccen da duka ɓangarorin suka sani har sai kaya sun isa. Wajibi ne sunan da ke kan asusun banki ya zo daidai da sunan da ke kan shafinsa, domin babu abin da ke tsorata mai saye kamar a ce ya tura kuɗi asusun wani daban. Idan an ɗora kaya a tasha, sai ya aika da hoton motar da lambarta da lambar wayar direba, kuma da yake layin waya kan ɗauke a yankin, kamar yadda aka katse shi da gangan a 2021, ya kamata ya ba da lambar wani wakili a birnin Sakkwato, don kada shirunsa ya zama tamkar gudu. Shi ma kada ya saki kaya a kan saƙon shigar kuɗi kawai, sai ya duba asusunsa, saboda saƙonnin bogi sun yawaita.

Abin da ke rushe wannan gini cikin dare ɗaya shi ne dabarar sa aboki ya riƙa ƙara tayi alhali ba shi da niyyar saye, wadda malaman fiƙihu ke kira najash, shari'a kuma ta hana ta, kamar yadda dokokin eBay suka hana. Haka nan sayen shaidar ƙarya daga mutanen da ba su taɓa ciniki da shi ba, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai saye ɗaya da aka cuta zai iya yaɗa labarin ga dubban mutane kafin rana ta faɗi. Wanda ya fara da ƙananan kaya, ya cika alkawarin lokaci, ya mayar da kuɗi idan kuskuren nasa ne, shi ne zai tara shaidar da za ta ba shi damar sayar da bijimi gobe.

Ya kamata shugabannin kasuwannin Sabon Birni da Isa da ƙungiyoyin dillalai su buɗe rajistar matasan da ke sayarwa ta intanet, su tsaya wa na kirki, su kuma tona asirin macuta, domin duk cinikin da aka kammala cikin amana yana wanke sunan Gobir gaba ɗaya.