Mai Ɗaukar Hoton Cikin Jiki

A shekarar 1895 wani Bajamushe, wai shi Rontgen, ya gano wani irin haske wanda ido ba ya gani. Hasken nan yana ratsa tsoka, amma ƙashi da ƙarfe suna tare shi. Da shi ake ɗaukar hoton cikin jikin mutum ba tare da an tsaga shi ba.

A Amurka akwai asibitoci na 'yan mazan jiya, watau tsofaffin sojoji. Waɗansunsu sun komo daga yaƙi da ɓarɓashin bom a jikinsu. Mai ɗaukar hoto yakan kwantar da tsohon soja, ya daidaita masa gaɓar da ke ciwo, sa'an nan ya koma bayan kariya mai dalma, ya danna. Don me yake ɓuya? Domin hasken nan in ya yi yawa yana cutarwa, shi kuwa kullum yana tare da shi. A hoton ƙarfe yakan fito fari fat. Likita ne ke karantawa.

Akwai kuma wata na'ura, MRI, mai ƙaton maganaɗisu. To, a nan ake bukatar hankali ƙwarai, gama maganaɗisu yana iya jawo ƙarfen da ya shekara hamsin yana kwance, ya yaga tsoka. In kusa da ido yake, mutum na iya makancewa. Saboda haka ma'aikacin yakan tambaya, "Baba, an taɓa harbinka?" In tsohon bai tabbata ba, sai a fara duba shi da hasken Rontgen tukuna.