Ka Rufe Shafinka, Hotonka Yana Nan

A danginmu ni ake kawo wa waya idan ta rikice. Ba kwamfuta na karanta ba, haƙurin lalube ne kawai Allah ya ba ni. Buƙatar da ta fi zuwa mini a 'yan shekarun nan ita ce, "Yaya, don Allah goge mini Facebook ɗina." Wata biki ne ya matso, angon ya ce ba ya so. Wani kuma aikin ɗamara yake nema, ya tuna irin maganganun da ya yaɓa wa gwamnati lokacin ƙuruciya. Duk abu ɗaya suke fata: a danna wuri guda, abin da suka taɓa sakawa ya ɓace daga doron ƙasa. Wurin dannawar yana nan, amma ba wannan aikin yake yi ba.

Da yawa ma ba su kai ga gogewar ba. Cire manhajar suke yi daga waya, su ɗauka an gama, alhali shafin yana nan daram, kowa na ganinsa. Wasu kuma dakatarwa suke yi, wato a ɓoye shafin har ranar da mai shi ya dawo. Gogewa ta gaskiya daban take. A Facebook, idan ka nemi a goge, ana ba ka kwana 30 ko za ka canja shawara, kuma kamfanin da kansa ya ce aikin share kayanka daga rumbunansa yana iya ɗaukar kwana 90. A X, wanda muka fi sani da Twitter, kwana 30 ne shi ma kafin shafin ya tafi.

To, me ake sharewa? Naka. Hotunan da ka ɗora a shafinka, rubuce-rubucenka, jerin abokanka. Amma saƙon da ka aika wa wani ya zama nasa, yana cikin akwatinsa, kuma Facebook bai ɓoye wannan ba. Hoton da ƙawarki ta ɗauka ranar kamu ta ɗora a nata shafin, da fuskarki a tsakiya, ba ya cikin lissafi, domin ba ke kika saka ba. WhatsApp ya fi nuna abin a fili. Ka goge akawun ɗinka, za a fitar da kai daga kowane guruf, amma muryar da ka tura cikin fushi a guruf ɗin 'yan ajinku tana cikin wayar duk wanda ya sauke ta, kuma wayoyi da yawa da kansu suke sauke hoto da murya ba tare da masu su sun taɓa komai ba. Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙirƙiro waya; abin da waya ta ƙara shi ne ta ba kowane mai sauraro nasa kwafin.

Akwai kuma wuraren da tun asali aka gina su a kan cewa rubutu zai zauna ko mai shi ya tafi. A Reddit, idan ka rufe akawun, sunanka ne kawai ake cirewa daga kan rubutun, rubutun kuwa yana nan. Idan a ciki ka ambaci unguwarku da sana'arka da sunan makarantarku, cire sunan bai ɓoye ka ba. Kuma tunda ka rufe, ba ka da ƙofar komawa ka goge. Wikipedia, har da ta Hausa da matasanmu ke ta cikawa, ba ta goge akawun kwata-kwata. Duk wanda ya rubuta wani abu a can ya riga ya amince kowa ya kwafa ya yi amfani da shi, kuma ba a janye wannan izinin. A nan ban ga laifinsu ba. Da kowane marubucin da ya yi zuciya zai kwashe gudummawarsa ya tafi, da babu kundin da zai tsaya.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda ba ka taɓa hulɗa da su ba. Tun 1996 wata cibiya a San Francisco mai suna Internet Archive take bin intanet tana adana shafuka yadda suke a ranar da ta iske su, kuma ta tara ɗaruruwan biliyoyi. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya karɓi duk saƙonnin Twitter na fili tun daga 2006 har ƙarshen 2017, kafin ya koma zaɓe. Waɗannan aƙalla don tarihi suke yi. Kamfanin Clearview AI kuwa fuskoki ya kwasa: a farkon 2020 aka fallasa cewa ya tattara hotuna sama da biliyan 3 daga shafukan mutane, yana sayar wa 'yan sanda manhajar gane fuska. Faransa da Italiya kowacce ta ci tararsa yuro miliyan 20 a 2022. Rufe shafinka na Facebook ba ya aika wa irin wannan kamfani saƙon komai.

Sai sikirinshot, wanda ba ya buƙatar kamfani ko cibiya, yatsa biyu sun isa. A watan Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon shugaban Najeriya na wancan lokacin, Muhammadu Buhari, rigimar da ta kai ga rufe dandalin a Najeriya har Janairun 2022. Kamfanin da ya mallaki rumbun ne da kansa ya goge, amma kafin gari ya waye hoton saƙon ya cika jaridu da wayoyi.

Doka tana taimakawa, iya gwargwadonta. Wani ɗan Sifaniya, Mario Costeja González, ya gaji da ganin sanarwar gwanjon kadararsa saboda bashi, wadda jaridar La Vanguardia ta buga a 1998, tana fitowa duk lokacin da aka nemi sunansa a Google. A 2014 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya, ta ce Google ya daina nuna ta a ƙarƙashin sunansa. Amma a lura: hanyar zuwa aka toshe, sanarwar tana nan a jaridar. (Bawan Allah ya nemi a manta da shi, ga shi yau ɗaliban lauya a duniya suna haddace sunansa.) Turai ta sa wannan haƙƙi cikin babbar dokarta ta kare bayanai da ta fara aiki a 2018. Nijar tana da tata dokar tun 2017, Najeriya kuma ta samu tata a 2023, wadda ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, da hukumar da zai kai wa ƙara. Sai dai doka kamfani take iya kamawa, mai ofis da adireshi. Ba ta san wayar tsohon saurayi ba.

Shi ya sa idan aka kawo mini waya ba na fara wa da rufewa. Sai mun zauna mun sauke kwafin kayan mai shafin, domin hotunan marigayiya kaka ma a ciki suke. Sannan mu bi rubutu da hotuna da sharhi mu goge da hannu tun muna da iko, mu cire sunanta daga hotunan da wasu suka liƙa mata, mu duba manhajojin da take shiga da akawun ɗin don kada su kulle ta a waje. Daga nan sai aikin da ba ni zan yi mata ba: ta kira ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, ta roƙe su su cire abin da suka ɗora. Wasu za su cire a take. Wata za ta ce ai hoton ita ma ta yi kyau a ciki.